Doguwar Hanyar Kakana

Daga ƙofar gidanmu a Yakasai zuwa rumfar kakana a kasuwar Kurmi ba wata tafiya ba ce. Amma ban taɓa ganin ya bi hanya ɗaya kwana biyu a jere ba. Ɗinkin hula ne sana'arsa, ni kuma ɗan rakiya, mai riƙe jakar zare da allurai, shekaruna ba su wuce tara ba.

Wata safiyar sai mu ɓulla ta Ƙofar Mata, inda warin baba da toka ke tarbar mutum tun kafin ya hango karofi. Mu ɗan tsaya mu saurari mabuga, wannan ya sauke wancan ya ɗaga, kamar mata a bakin turmi. Washegari kuma sai majema ta wajen Ƙofar Wambai, ni ina toshe hanci, shi yana gaisawa da masu jima ɗaya bayan ɗaya, har da tambayar mai jiki. In na yi ƙorafin nisa sai ya ce, "Ɗan nan, in ƙafa ta haddace hanya, ido barci yake yi." Ya saya min ƙosai mai zafi, magana ta mutu.

Kakata ba ta taɓa yarda da wannan zagaye ba. Takan ce, "Malam, kasuwa za ka ko shela aka ba ka?" A 1972, da aka mayar da tuƙi hannun dama, tana dama koko ta ce to, ga gwamnati ma ta bi sahun Malam. Shi kansa sai da ya yi dariya har ya ajiye ludayi.

Sai da na girma na gane inda tafiyar take zuwa. Shuɗin marina, jan fatar akuya da aka shanya, zanen bangon wani tsohon soro, duk sukan fito a jikin hularsa bayan kwana biyu. Shekara da shekaru yana zaune a rumfa ɗaya, amma ba a taɓa cewa hulunansa sun yi kama da juna ba.

Da na ajiye aiki, kwanakina suka zama iri ɗaya: masallaci, shayi, rediyo, tabarma. Wata asuba, ban shirya ba, sai na karya kwana ta bayan layinmu. Na tarar da wata bishiyar tsamiya da na yi shekaru ina maƙwabtaka da ita ban sani ba, da wani dattijo a gindinta yana saƙar faifai.

Badala ta zaizaye, ƙarar A Daidaita Sahu ta danne ta mabuga, rijiyoyin rini da yawa sun bushe. Lungunan dai suna nan. Jiya na riƙo hannun jikana muka shiga wani, ya ja ya tsaya ya ce, "Kaka, ai ba nan ce hanyar ba." Daga can ƙarshen lungun ƙamshin ƙosai ke tasowa, na fara laluben aljihu.