A-kori-kurar Baba da Ranar da Muka Saita Taimin

Waɗanda suka san gidanmu a Keffi sun san farar Peugeot 504 ɗin nan a-kori-kura, haɗin Kaduna, wadda marigayi mahaifinmu ya yi shekaru yana ɗauko doya da ita daga Garaku. Da ita aka biya mana kuɗin makaranta. Bayan rasuwarsa ta dawo hannuna, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 ta zame mini nauyi. Tana shan mai, lagireto na tafasa, ƙarfi kuwa babu. Ranar da ta kasa hawa tudun Kugbo da kaya sai da giya ɗaya, yayyena suka ce a sayar wa 'yan gwangwan a raba kuɗin.

Na roƙi mako guda. Makanikai biyu na fara gani, duk suka ce kafireto ne. Na sauya, kuɗi ya tafi, ciwo na nan. Sai Inna ta tuna mini da wani tsoho da ke yi wa Baba gyara, yanzu ya bar gareji saboda ido.

Ya sa na tayar da ita, ya karkata kunne. "Ɗana, wutarta ce ke makara," in ji shi. Ya ce dole filogi ya ba da wuta kaɗan kafin fistin ya kai ƙololuwa. In ta makara, man na ci gaba da ƙonewa har cikin salansa, inji ya yi zafi a banza. In ta yi gaggawa kuma, za ka ji ƙara kamar tsakuwa a gwangwani, wannan shi ke cin fistin.

Ni na zama idonsa. Muka fara da kwantak, domin a cewarsa duk wanda ya saita taimin bai gyara tazarar kwantak ba ya yi aikin baban giwa. Ya ba ni ma'auni, muka mayar da ita milimita 0.4. Sannan na juya inji da hannu har alamar da ke jikin fuli ta zo daidai da ta jikin inji. Ya ciro ƙwan fitila mai waya biyu daga aljihu, ɗaya a kan wayar da ta taho daga kwail zuwa distirbuta, ɗaya a jikin ƙarfe. Na kunna makulli, na sassauta notin distirbuta, na dinga murɗa ta a hankali.

"Baba, ta kama!"

"Tsaya nan. Ɗaure, kada hannunka ya motsa."

Daidai lokacin da fitila ta kama, lokacin ne kwantak ya buɗe, wato nan wuta ke tashi. Abin da na murɗa bai kai faɗin farce ba, amma shi ya kusa raba mu da motar.

Muka hau hanyar Akwanga gwaji, yana gefena. Ya ce in sa giya huɗu a ƙaramin gudu in taka totur. Ta ja ba tsakuwa, ba tari. Da na miƙa masa kuɗi ya ture hannuna, ya ce mahaifinmu ya taɓa kai matarsa asibiti cikin dare a wannan motar, bai karɓi ko sisi ba. Ƙwan fitilar ma ya bar mini, yana cikin akwatin gaban mota. Ranar Asabar zan ɗauko wa babban yayanmu masara daga Gitata.