Kururuwa ma sana'a ce, sai an koya

Yau magana ce kan samarinmu masu son waƙa da ƙarfi, da alhakin da ke kanmu mu da ke riƙe da mikro.

Nan Yamai mun saba da murya mai zafi. Tun ƙarshen shekarun 1990 ƴan rap irin su Lakal Kaney, Wass-Wong da Kaidan Gaskia suka koya mana cewa saurayi na iya faɗin ɓacin ranshi a waƙa. Gitar mai ƙara ma ba baƙuwa ba ce: Bombino ya fitar da Nomad a 2013, Mdou Moctar ya fitar da Afrique Victime a 2021. Amma ku lura, su gitar ce ke ruri, muryar kuwa a kwance take. Yaran yanzu sun ji metal a salula, har da ƙungiyoyin Botswana irin su Overthrust na garin Ghanzi, suna son muryar ita ma ta yi gurnani.

Samari uku na wata fada a nan Gudel suka same ni, wai in ɗauki waƙarsu, Zabarmanci da Hausa a haɗe. Ba wanda ya taɓa tsayawa gaban mikro. Ɗayansu yaron faba-faba ne, da murya yake kiran fasinja tun asuba. To kun ga, in maƙogwaronshi ya mutu, ba waƙa kaɗai ta tafi ba, har da abincinshi.

Sabon mawaƙi ya ɗauka ƙarfi daga wuya yake fitowa. Sai ya matse maƙogwaro, jijiya ta tashi, bayan minti goma ya dushe. Tantanin murya ƴan siraran nama ne guda biyu. In an yi ta gwara su da ƙarfi sai su kumbura, in abin ya daɗe su yi kanta, wani lokaci sai an kai ga tiyata. Ƙwararru da iskar ciki suke turawa, wuya a sake, kaushin kuma ya fito daga naman da ke saman tantanin. Kusa da su sautin bai ma kai yadda kake zato ba. Na'ura ce ke girmama shi.

Shi ya sa na ce musu mu je mu koya wurin namu. Tun 1975 da aka fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa, wa bai ji ɗan kokowa na kirari ba? Dubi tsayuwarshi: ƙafa a kafe, ƙirji a buɗe, numfashi daga ciki, kowace gaɓa da wurin hutunta. Maroƙa ma haka, su wuni suna ɗaga murya, gobe su sake.

Ga yadda muka yi aikin. Kafin komai, minti goma sha biyar na ɗumama murya a hankali. Na ajiye mikron situdiyo mai jin motsin ƙuda, na ba su irin na dandali, Shure SM58, su riƙe a hannu su yi motsi yadda suka saba. Na rage ƙarfin shigar sauti, don in ya tsage a ordinater ba ya gyaruwa. Na ƙara musu muryarsu a kaske, saboda wanda bai jin kanshi shi ke ƙara matsawa. Layi-layi muka ɗauka, kowane sau biyu, muka ɗora su kan juna, sautin ya yi kauri ba tare da an wahalar da kowa ba. Katifu biyu a bango suka kashe amsa-kuwwa. Da dare muke aiki, don dole a kashe fanka, kuma kun san zafin Afirilu a Yamai ya wuce digiri 40. Kowane minti ashirin a huta, a sha ruwa, ba sigari.

Doka ɗaya na kafa: wanda ya ji zafi ko ƙaiƙayi a wuya, aiki ya tsaya. Ranar farko sun ji haushi, ɗaya ya ce, “Yaya, ai mu maza ne.” Na ce mazantaka ita ce gobe ka tashi da muryarka. Waƙa ɗaya ta ci mana dare huɗu, yaron faba-faba bai fasa aiki ko kwana ɗaya ba.

Ku masu ƙananan situdiyo a unguwanni, na san awa kuɗi ce, kuma kuran na iya ɗaukewa kowane lokaci. Amma yaro bai san iyakarshi ba, kai ne ka sani. In dushewa ta wuce sati biyu, ku tura shi wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Iyaye kuma, in kun ji ihu daga ɗaki, ku tambayi abin da waƙar ke faɗi. Ta waɗannan yaran, kan rashin aiki da ambaliyar Isa take magana.

Allah ya bar mu tare.