Kilim, Esi da Wayar da Aka Bari Tana Lilo

Abu guda suna uku gare shi a Damargu. Wanda ya koyi aiki a garejin Damagaram zai ce kilim. Wanda ya saba da hanyar Kano zai ce esi. Kakata kuwa "iskar sanyin mota" take cewa. Haka sauran kayan suke: na Kano ya ce fiyus, namu ya ce fuzibil, na Kano ya ce rewaya, namu ya ce elektirisiyan. Ni da nake karatun kimiyyar harshe wannan bai taɓa damuna ba, aro ɗabi'ar harshe ce. Kalmar da ta dame ni Hausa ce tsantsa, wato "ƙare". Da zarar kilim ta daina sanyi sai ka ji an ce gas ya ƙare. To ƴan uwa, gas ɗin kilim ba man fetur ba ne, inji ba ya shan sa. Zagayawa yake yi cikin bututu a rufe, yau da gobe, shekara da shekaru. In ya ragu, yoyo ya yi ta wata kafa. In kuwa yana nan cike kuma babu sanyi, to a nemi matsalar a wani wuri. Wannan kalma guda ta ci wa kawuna kuɗin cika gas har sau biyu.

Kawu na da tsohuwar Hilux da yake lodi da ita tsakanin Tanut, Belbeji da kasuwannin ƙauyukan Tarka. Da ita kuma ake kai kaka asibiti Damagaram duk wata saboda hawan jini. Tafiyar kusan kilomita 150 ce a kan titin da ya fito daga Agadas, ta Sabon Kafi da Bakin Birji, ka wuce matatar man SORAZ da aka buɗe a 2011. A watannin Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40. In ka buɗe gilashi iska mai ƙuna da ƙura su shigo, in ka rufe mota ta koma tanda. Ga matashi irina abin haƙuri ne, amma tsohuwa mai hawan jini, wallahi sai an tsaya a hanya ana jiƙa mata mayafi.

Injin motar na fetur ne, 22R. Da ya gaji, Kawu ya sa aka kawo masa na gazuwal, 3L, daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Aka ɗora, mota ta tashi, ƙarfi kamar sabuwa. Amma kilim shiru. Fanka na hura iska, fitilar maɓalli na kamawa, sanyi ne dai babu. Makanikin da ya ɗora injin ya ce gas ne, aka cika. Bayan sati ya ce wataƙila gas ɗin ba mai kyau ba ne, aka zubar aka sake cikawa. Karo na uku sai ya ce: "Alhaji, kawai mu yi mata dirak." Nufinsa a ja waya daga batir kai tsaye zuwa kwamfireso, a sa ɗan maɓalli kusa da sitiyari, shi ke nan.

Kawu bai yarda nan take ba. Da na zo hutu ya ce in raka shi wurin wani dattijon mai gyaran wayar mota a Damagaram. Mutumin nan bai taɓa kwalbar gas ba. Kayan aikinsa ƙwan fitila ne mai waya biyu, da ƴar na'urar awon wuta da aka ɗaure murfinta da roba. Ya ce wa Kawu: "Alhaji, kilim kamar saƙo ce daga fada zuwa ƙauye. Kai ka danna maɓalli, amma kafin magana ta kai ga kwamfireso hannu nawa za ta bi? Mu bi su ɗaya bayan ɗaya mu ga inda ta kwana." Na ciro takarda na fara rubutawa, yaran garejin suna ta yi mini dariya wai ɗan lakwal ya zo koyon makanikanci da biro.

Ga yadda ya bi. Da farko batir: in inji a kashe ya kamata ya nuna kusan volt 12.6, in yana aiki tsakanin 13.5 da 14.5. Lafiya lau. Sai fuzibil ɗin kilim: ya dangwala fitilarsa a ƙafa biyun, duka suka kama. Sai rele, ɗan akwatin nan da ke karɓar ƙaramar wuta ya buɗe wa babba hanya. Ya musanya shi da wani irinsa mai aiki, babu abin da ya canza. Daga nan ya ɗaura agogon awon matsi a bututu, ya nuna gas na nan cike, shi ma maɓallin matsi yana barin wuta ta wuce. Sai ya cire wayar kwamfireso ya ba ta wuta daga batir na ƙiftawar ido, muka ji ƙas! Farantin gaba ya manne. Ya ce maganaɗisun lafiyarsa ƙalau, wuta ce ba ta zuwa masa.

A nan ya gano abu na farko. Wayar mas, mai kaurin nan da ke haɗa inji da jikin mota, an maido ta amma an ɗaure ta a kan fenti da tsatsa. Ya kankare wurin har ƙarfe ya yi fari, ya ɗaure tamau. Ya ce wuta tafiya da dawowa take yi, kuma rabin wahalar da yake gani bayan canjin inji daga hanyar dawowar ce. Duk da haka kilim ba ta kama ba.

Sai ya kwanta ƙarƙashin dashbod, ya zaro wani ɗan akwati da suke kira amfili. Shi ne alƙalin kilim a irin waɗannan tsofaffin Toyota. Ba ya sakin wuta ga kwamfireso sai ya tabbatar inji na juyawa da saurin da zai iya ɗaukar nauyin. Ta ina yake sani? A injin fetur akwai bobin, wadda ke ba buji wuta; a inji mai silinda huɗu tana bugawa sau biyu a kowane juyi, kuma akwai siririyar waya da ke kai wa amfili wannan bugun yana ƙirgawa. Injin gazuwal ba shi da bobin, ba shi da buji, matsi ne ke kunna mansa. Dattijon ya bi siririyar wayar har cikin bonet, ga ta nan tana lilo, an naɗe bakinta da salatif. A wurin amfili, injin Kawu a kashe yake tun ranar da aka canza shi. Gas ko tanka guda aka ɗura ba zai canza masa ra'ayi ba.

Kawu ya ce: "To Malam, ai dirak ɗin nan da an yi da tuni mun huta." Dattijon ya girgiza kai. Ya ce da an sha sanyi, amma na ɗan lokaci. Maɓallin matsi da za a tsallake aiki biyu yake yi. In gas ya yi yoyo matsi ya faɗi ƙasa da kusan bar 2, yana yanke wuta, domin man da ke shafe cikin kwamfireso tare da gas yake zagayawa. Babu gas, babu mai, sai ƙarfe ya ci ƙarfe. In kuma matsi ya hau wajen bar 30, nan ma yana yankewa. A hanyoyinmu wannan na biyun ba tatsuniya ba ce: ƙura da ƙarangiya kan toshe ragar gaban mota, zafi ya kasa fita, matsi ya yi ta hawa har tiyo ya fashe ko kwamfireso ya cije ya ƙone bel. Ga kuma wayar da aka ja ba fuzibil, tana gugar ƙarfe a kan gargada, ranar da ta feɗe gobara ce. Ko mantuwa aka yi aka bar maɓallin a kunne, da safe batir ya kwanta. Ya ce: "Alhaji, ka zaɓa: ka jira kwana uku a nan, ko ka jira mai taimako tsakanin Sabon Kafi da Tanut da rana tsaka, da Hajiya a baya."

Kwana ukun muka jira. Aka samo amfili na Hilux mai gazuwal a wurin masu kayan tsofaffin motoci, aka haɗa shi da na'urar ƙirga juyi irin ta wannan injin. Ya kuma gyara abin da ke ɗan ƙara wa inji wuta idan kilim ta kama, don kada mota ta mutu a tsaye. Kuɗin duka bai kai na cikon gas biyun da aka yi a banza ba.

Tun daga lokacin nake tunanin abin da dattijon nan ke ɗauke da shi a ka. Littafin gyaran motar da Turancin Ingilishi ko Faransanci yake, zanen wayoyinsa kuma na motar da ba a taɓa canza wa inji ba ne. Motocinmu kuwa jiki na wata ƙasa, inji na wata, kwamfireso na wata. Ilimin haɗa su ba ya cikin kowane littafi, yana bakin mutane irinsa, da Hausa mai gauraye da kilim da esi. Yaransa huɗu a gareji, ɗaya ne kawai ya yi lakwal, kuma duk da kunne suke koyo. Ranar da ya tsufa ya bar aiki, wanda bai riƙe ba sai ya koma cewa gas ya ƙare.

Mu da ake koya wa yadda ake tattara kalmomi, kullum wurin makaɗa da masu tatsuniya muke nufa da rakoda. Hakan na da kyau, amma gareji ma wurin aiki ne. Shafi shida na cika a kwana uku, kalmomi sama da hamsin, kowace da sunanta na Kano da na Damagaram da bayanin aikinta. Na buga kwafi na kai wa dattijon, ya sa yaronsa mai karatu ya karanta masa, ya gyara mini wuri biyu, sannan ya manna a bangon shago. Wanda ya fito daga Tanut ko Belbeji kuma yana da ɗan'uwa a gareji, ya zo mu ƙara shafukan a hutun nan. Sashen burki da na giya har yanzu ba wanda ya taɓa.