Ƙaramin kaboyi na gidanmu

Ka taɓa jin labarin Mustafa Alasan? Ɗan Nijar ne mai yin silima. A 1966 ya yi wani fim, Le Retour d'un aventurier. Wani saurayi ne ya komo gida daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi. Ya raba ma abokansa. Suka sa, suka hau dawaki, suka ta da hankalin gari da sata da faɗa. Zalika Sule ma tana ciki.

Ɗana mai shekara 7 ya gan shi a wayar kawunsa, shi ke nan ba mu sake hutawa ba. Malfata ta gona ta zama tasa. Ɗankwalin uwarsa ya koma wuya. Karan dawa kuwa bindiga.

Da farko dariya muke yi. Amma ran nan ya ɗauki igiyar guga ya zarge akuyar maƙwabta, ta faɗi ta karye a ƙafa. Ni na biya, na kuma sha kunya.

Na ɗauko bulala, sai na aje. Na tambaye shi: «Yaya fim ɗin ya ƙare?» Ya yi shiru. Ashe wajen dawaki kaɗai yake kallo!

Da dare muka zauna muka kalla har ƙarshe, ya ga abokan nan sun juya ma juna bindiga. Bai ce komi ba.

Har yau yana sa malfar. Igiya dai ya maida ta bakin rijiya da kansa.