Jitar da Ruwa Ya Taɓa

Ɗana, ka ce mai shago ya yi maka ragi mai yawa a kan jita saboda ruwa ya taɓa ta, kana tambaya ko abin damuwa ne. Abin damuwa ne, sai dai ba tabon da ke jikinta ba. Abin bincike shi ne inda ruwan ya kai, da daɗewar da ya yi a wurin.

Jitar da ba ta lantarki ba akwati ce ta siraran katakai da aka haɗa da gam. Kaurin fuskarta kusan milimita 3 ne kawai, daga ciki kuma akwai 'yan sanduna manne da ke tallafe ta, alhali tsirkiyoyin ƙarfe shida na jan ta da ƙarfin da ya kai kilo 70, dare da rana. Katako in ya sha ruwa kumbura yake yi, in ya bushe ya tsuke, kuma ba lallai ya koma yadda yake ba. Gam ne ke shan wahalar wannan kai-kawo, in ya gaji ya saki.

Mu kuma ga hunturu. Masu ƙera jita irin su Martin da Taylor suna son a ajiye ta inda danshin iska yake kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A Kano da Damagaram, in hunturu ya kankama, danshi kan sauka ƙasa da kashi 20. Na sha ganin jitar da ta jiƙe da damina tana ƙara lafiya lau a Oktoba, Janairu na zuwa fuskarta ta tsage.

Saboda haka kada kunya ta hana ka dubawa. Fara kai hancinka ramin da ke tsakiyarta; in ka ji warin funfuna, ruwa ya kwana a ciki. Haska fitilar waya ka nemi zanen da ruwa ke bari a katako. Ƙwanƙwasa fuskar da yatsa a wurare daban-daban: ƙarar kwaram-kwaram alama ce sandar ciki ta ɓalle. Katakon nan da tsirkiyoyi ke ɗaure a kansa, gwada cusa takarda ƙarƙashinsa ta baya, in ta shige to ya fara ɗagowa. Sannan ka daidaita wuyan da idonka. In ya ɗan lanƙwashe, akwai ƙarfe a cikinsa da ake juyawa a miƙe shi. In murɗewa ya yi, ƙarfen nan ba ya maganinsa.

Tsatsar tsirkiya da ta maɗaura ba komai ba ce, canzawa ake yi. Farin dishi-dishi a fenti ma ado kawai ya ɓata.

Kada wani ya ruɗe ka da cewa ai komai na gyaruwa. A watan Mayun 2010 kogin Cumberland ya yi ambaliya a Nashville ta Amurka, ruwa ya shiga ma'ajiyar kayan kiɗa ta Soundcheck, ya jiƙa jitocin mawaƙa irin su Vince Gill da Brad Paisley da Keith Urban. An ceto wasu, amma da hannun ƙwararru da dogon haƙuri, kuma kayan sun cancanci kuɗin da aka kashe. Taka fa? Ladan gyara na iya cin ragin duka, in ma ka sami mai gyaran, don ba aikin kowane kafinta ba ne.

In fantsama ce ko ɗigon rufi na ɗan lokaci, ciki a bushe, wuya a miƙe, ka taya ka saya. In ruwa ya kwanta a cikinta, bar masa kayarsa ko da ya sake ragi.