Ledar Katifa Ta Tona Asirin Esina

Wallahi daren jiya murna ta hana ni barci! Wata biyu ina fama da abu ɗaya, sai ga ledar katifa ta warware mini shi cikin daƙiƙa tara.

Ina da ɗan shagon kwamfuta a Kano: kwamfuta takwas, kujera takwas, rufin kwano. Esin da na ɗaura mai ƙarfin doki ɗaya da rabi ne, wanda a takarda yake iya kwashe zafin wat 3,500. Amma tun shigowar Afrilu, rimot yana kan 16, mutane suna fifita da littafi. Sau biyu mai gyara yana zuwa, ya kara tafin hannu a bakin esin, ya ce, "Alhaji, gas ne." Na biya. Shiru kake ji.

Jiya ƙanena da ke karatun injiniya a Jami'ar Bayero ya biyo da ɗan ma'aunin zafi a aljihu. Ya sa a bakin esin: 13. Ya rataye a tsakiyar shago: 31. Na ce to ka gani, sanyi yana fita, ina yake zuwa? Ya yi dariya. "Yaya, ba nan gizo ke saƙar ba. Ko ruwan randa ɗan garuwa yake kawowa, in jarka biyu ya kawo wa gidan mutum ashirin, za a kwana da ƙishi. Iskar ce ta yi kaɗan."

Sai ya aika yaro ya samo ledar da ake saka sabuwar katifa. Muka auna ta da tef, in ta cika tana ɗaukar kusan kubik mita ɗaya. Muka matse iskar cikinta, muka yaɓa bakinta a bakin esin, ni ina kan kujera ina riƙe da gefe, shi yana kallon agogon waya. Ledar ta riƙa kumbura a hankali kamar ƙullin fanke. Daƙiƙa tara! Awa ɗaya daƙiƙa 3,600 ce, ka ga kubik mita 400 ke nan a awa, alhali irin wannan esin kusan 600 ya kamata ya hura.

Daga nan ya jawo bayan rasit. Kwamfutoci, wat 800. Mutum takwas a zaune, kowa kusan 75, ya zama 600. Ranar da ke dukan kwano da bango ya yi mata ƙiyasin 1,000. Jimla 2,400. Ya ce kubik mita ɗaya na iska a awa sulusin wat kacal yake iya ɗauka a kan kowane digiri, don haka a ninka zafin sau uku, a raba da yawan iskar. 7,200 a raba da 400, ya ba da 18. A ɗora a kan 13 ɗin nan na bakin esi.

Talatin da ɗaya! Daidai abin da ma'aunin da ke rataye yake nunawa. Na duro daga kujera ina salati.

Muka buɗe murfin. Rariyar da ke tace iska ta zama bargo, ƙurar hunturu ta yi mata damƙam. Doguwar fankar ciki kuwa, kowane haƙori nata ya yi laka. Ga shi ni da kaina na kafa kantar takardu a saman esin, ta nan yake shaƙar iska ashe. Wannan laifin ba na mai gyara ba ne, na yarda.

Bayan wanki da cire kanta, ledar ta cika a daƙiƙa shida. Lissafi ya ce 7,200 a raba da 600, 12, ɗakin zai sauko 25. Bai kai ba, a 27 ya tsaya, domin iskar da ke wucewa da sauri ba ta yin sanyi kamar da, ta koma 14, kuma in ɗaki ya huce zafin waje yana ƙara kutsowa. Ni dai ban ga mai fifita ba har muka rufe.

Don Allah, kafin ka sake biyan kuɗin gas, nemo leda da agogo ka auna iskar.