Abin da Ɗigon Man Giya Ya Koya Mini

Lokacin da nake karatun injiniya a Ingila, nakan yi aikin ƙarshen mako a garejin wani dattijo mai gyaran motocin tsere na Formula Ford. Wata Asabar muka tarar da ɗigon mai a ƙarƙashin wata mota, daidai inda sandar tayar baya ke fitowa daga giya. Giyar ƙirar Hewland ce, kamfanin da Mike Hewland ya kafa a 1957, kuma gangar jikinta ta Volkswagen Beetle ce aka kifa, aka zuba mata wasu haƙoran.

Na ce wa maigidan, ai wannan ba wani aiki ba ne, a sauya robar tare mai, a shafa gam, a ɗaure. Bai ce mini uffan ba, sai ya miƙo mini sufana ya nuna notin tsiyaye mai. Da na kwance, sai ga maganaɗisun da ke bakin notin ya yi gemu da garin ƙarfe. Ya murza shi a yatsa, ya ce laushi kamar toka ba komai, amma in ka ji tsakuwa-tsakuwa, haƙori ya fara karyewa.

Don mu duba haƙoran, sai muka cire murfin gefe, muka fito da difaranshal, wato tarin haƙoran da ke ba tayar waje damar yin gudu fiye da ta ciki idan an sha kwana. Ya shafa shuɗin fenti a haƙoran babban faifan da ke jikinsa, muka mayar, muka juya. Inda fentin ya goge, nan haƙoran ke haɗuwa, kuma a tsakiya ake so, ba a gefe ba. Ratar da ke tsakaninsu ba ta wuce kaurin takarda ɗaya ko biyu ba, siraran washa ne ke daidaita ta.

A nan na yi kwaɓa. Garin sauri na haɗa washar dama da ta hagu a faranti ɗaya, na kasa tantance su. Awon da aka gama sai da aka sake shi daga farko, muka kai dare. Sauri ya haifi nawa. Tun daga ranar, duk abin da na cire sai na ɗaura masa alama.

Ashe robar ma ba ita ce mai laifi ba. Ɗan ramin numfashin giyar ne ya toshe da datti. In mai ya yi zafi, iskar ciki ta rasa mafita, sai ta tura shi ta wurin da ya fi rauni. Da mun bi shawarata, sabuwar robar ma da yoyo za ta yi a zagaye na farko.

Wajen rufewa ya hana ni lafta gam, domin rarar da ta matse ta faɗa ciki tana iya toshe hanyar mai. Muka goge fuskokin tas, muka shafa siriri, muka ɗaure notuna ɗaya nan ɗaya can da sufanar awo.

Har yau, in an kawo mini mota tana yoyo, ba na fara tambayar ta ina man ke fita. Sai na fara neman abin da ke turo shi.